Jan Layi a Wuyan Ƙurungu

Jikata ta ɗauke ni hoto da wayarta, ta danna nan ta danna can, sannan ta miƙo mini tana murmushi. Na duba, sai ga wata mata mai sulɓin fuska kamar bayan ƙwarya, ba tamoji, ba tabon da ke gefen hancina, har giɓin haƙorina an toshe. Na ce wace ce wannan? Ta ce, "Hajiya, ke ce mana, gyara ki na yi." Na ce ta mayar mini da fuskata yadda ta same ta, ba aronta na yi ba balle a ce na lalata. Ta yi ta dariya tana cewa na cika faɗa. Haka ake cewa tun ina yarinya, ban kuma ga abin da ya rage ni da shi ba. Amma tun ranar nake duban fuskokin da ake rataye mana a bakin gada da bangon shaguna, manya-manya, kowacce tas kamar ba ta taɓa yin zazzaɓi ba, sai in tuna yayana, wanda ya yi rayuwarsa yana zana mutane yadda Allah ya yi su, ya kuma biya da abin da ya biya.

Wudil ɗin da na tashi a ciki, kunne ke riga ido saninta. Da sassafe daka ne ko'ina, taɓarya na amsa wa taɓarya daga wannan gida zuwa wancan. In rana ta ɗaga sai bugun masu ginin tukwane, wani sauti mai taushi kamar ana lallashin yaro. Ranar Alhamis da yamma shanu ke fara shigowa a ƙafa don kasuwar Juma'a, ka ji kukansu da ihun makiyaya tun ba ka hango ƙaho ba. Mota kuwa, in ta hau gada, duk garin ya san ta hau, don ba su da yawa, muna gane kowacce da tarinta. Yanzu ƙarar babur ta cinye komai, ko kiran sallar masallacin da ke bayanka sai ka kasa kunne. Mu 'yan mata aikinmu kogi: wanki a kan dutse, da rani kuma mu tona yashi mu jira ruwa ya tsatso mu kwasa da ƙoƙo. Jiran nan shi na tsana. Nakan kwasa tun bai kwanta ba, in kai gida da laka, Inna ta dubi tulun ta dube ni ta ce, "Sauri ya haifi nawa." In ce to a ba ni nawan in goya. Tuluna nawa na fasa don gudu, ban ƙirga ba.

Ina cikin 'yan matan da aka ɗiba aka kai makarantar kwana a Kano, abin da mata da yawa suka zo yi wa Inna jaje a kai. Duk hutu nakan dawo da takalmin kambas da baki mai kaifi, 'yan unguwa su ce boko ya ƙara wa barkono yaji. A lokacin da nake ba da labari na kai shekara goma sha bakwai, ina ganin duk garin babu mai hankali sai ni.

Yaya ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai "wancan" ko "mutumin zaure". Bayan rasuwar mahaifinmu ya tafi Kano, ya zauna wajen wani mutumin Kudu mai rubuta allon masu aski da zanen bayan motoci. Can ya koyi haɗa fenti. Da ya dawo ya mai da zauren gidanmu wurin aiki: gwangwanaye a jere, kwalbar kananzir, katakon akwatin shayi da yake kankarewa ya shafe da fari, da burushin da yake ɗaurawa da kansa da gashin akuya. Direbobi na kawo masa aikin zaki da mikiya da furanni, yana yi don tuwo. Amma abin da ke ransa mutane ne. Zai zauna a kasuwa ya ƙura wa mutum ido har mutumin ya tsargu ya shafa hularsa. Ya zana tsohuwa mai fura da maƙoƙonta. Ya zana wani masunci da hakiyar idonsa da faso a ƙafa. Duk wanda ya zana sai ya tafi da fushi, kashegari ya dawo da 'yan'uwansa su gani. Wata mata ta roƙe shi ya rage mata girman haƙoran gaba, ya ce, "Baba, wanda ya halicce su bai ji kunya ba, ni ne zan ji kunyar zanawa?"

Gidan kuwa a hannun Baffa yake, ƙanen mahaifinmu, limamin masallacin unguwa. Shi da Yaya sun sha fama kafin su daidaita. Baffa ya ce duk wanda ya yi surar mai rai, ranar gobe za a ce ya busa mata numfashi, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga inda take. Mafita ɗaya ya bayar: a yanke wuyan surar. In aka ja layi ya raba kai da gangar jiki, ta zama ba abin da zai rayu ba, sai a ƙyale. Yaya ya karɓa. Duk wanda ya zana, in ya gama sai ya ɗauki burushi mafi siriri ya ja layi a wuyansa kamar zare. Wani ya ɓoye shi a bakin riga, wani a igiyar laya. Baffa ya zo ya sunkuya ya nemo layin da yatsa, ya ce madalla, ya wuce. Shekaru aka yi a haka lafiya.

Sai Ƙurungu ya zo. Ɗan mahauta ne daga wajen Darki, kuma a zamanin babu kamarsa a hawan ƙaho. Yaran yanzu ba su san wasan ba sai a baki. Ranar jajiberin Sallah mahauta kan zaɓi sa mafi mugunta, a ɗaure shi da dogayen igiyoyi a wuya da ƙafar baya, ƙarti su riƙe, a zuga shi da kalangu har idonsa ya yi ja. Sannan namiji ya fito ya yi kirari, ya ruga ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan san, ya yi ta wujijjiga shi yana manne, har ya gaji ya durƙusa. Ana yi wa Ƙurungu kirarin kifin da ya ci sunansa, mai ƙaya uku, wanda ya haɗiye ka sai ya amayar. Ya ce yana so a zana shi a babban allo, a buɗe a fili ranar wasa, gari ya gan shi biyu.

Kwana tara yana zuwa da hantsi yana zama a kan turmin da aka kifa masa. Zama kuwa ba ya cikin halinsa.

"Mai fenti, har yanzu? Ni ina kayar da sa kafin yawu ya bushe a ƙasa, kai hanci ɗaya kwana biyu?"

"Hancin naka ne ya karye gida biyu," in ji Yaya, bai ko ɗago ba. "Dole in bi kowane gida in gaishe su."

In na kawo ruwa sai ya juyo kaina. "'Yar boko, a Turancinku yaya ake ce da namiji irina?"

"Ba su da kalmar. Can ba a barin mai hankali ya rungumi sa."

Ya yi dariya har layunsa na karo da juna, Yaya ya ce don Allah ya daina motsi. Ba na ƙinsa. Ina faɗin wannan ne don kada a zaci da ƙiyayya na yi abin da na yi.

A rana ta uku ya ga allon masuncin nan a jingine, ya bi wuyansa da farce, fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "Na ji abin da kake wa mutane. Kowa ka yanka, ni kada ka kuskura. A gidanmu, dabbar da aka shafa wa alama a wuya ba ta ganin la'asar. Ka yi mini alkawari." Yaya ya ce ya yi.

Allon nan shi ne mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa yi, na kuma ga da yawa. Ga karyayyen hancin, ga idon hagu da ya fi na dama ƙanƙanta, ga tabon ƙaho a ƙashin wuya mai ƙyalli kamar an ɗiga kitse. Wuyan kuwa, kai ka ce za ka ga jijiyar tana harbawa. Kaza ta shigo zaure ta tsaya tana kallonsa da ido ɗaya. Da Baffa ya zo ya sunkuya neman layi bai samu ba, ya miƙe a hankali.

"Ina yankan?"

"Baffa, wannan na yi alkawari."

"Ka yi wa mahauci alkawari. Wanda ka yi wa Ubangijinka fa?"

Daga ranar Baffa ya kwashe buzunsa ya koma masallaci. Zauren nan shi ne kaɗai ƙofar gidan, ya ce ba zai ratsa ta gaban abin ba. In an kai masa tuwo ya dawo da shi a rufe. Ya kuma rantse: in allon nan ya fita daga gidan da wuyansa cikakke, to wanda ya zana shi ya bi shi, kada ya dawo. Inna ta kama kuka. Tun da ba ta iya yi wa ɗan farinta magana, ni ce bakinta. "Je ki gaya wa wancan ya dubi maraicinku." In je. "Ki ce wa Inna ta yi haƙuri, na ba da kalmata." In dawo. "Koma ki ce masa nonon da ya sha ya fi kalmar mahauci." In koma. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci da kwanon tuwo, daga masallaci zuwa ɗaki. Kwana uku ina wannan safa da marwa, ƙafata ta gaji, raina ya fi ta gajiya.

Na tsaya a kan Yaya na ce, "Wai duk wannan a kan layi ɗaya? Fenti ne fa. Gwangwani da kananzir. Ba ya kashe mahauci, ba ya korar mala'ika."

"Ke kin sani, ni na sani. Shi da zai shiga tsakanin ƙaho bai sani ba."

"To sai a kore ka daga gidan ubanka saboda jahilcin wani?"

"Tafi ki yi surfe," in ji shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ranar jajibere da hantsi ya lulluɓe allon da farin ƙyalle, don Ƙurungu ya ce kada kowa ya gani sai a fili. Ya wanke hannu ya tafi masallaci ya sake roƙon Baffa. Na tsaya ni kaɗai a zaure. Lissafina mai sauƙi ne, irin na mai ganin ta fi kowa wayo: in ja siririn layi irin nasa, daga nesa ba mai lura, in an gama wasa in kai Baffa ya gani da idonsa, kowa ya koma cin tuwonsa. Gwangwanin da na samu a buɗe na jan fenti ne. Ban tsaya neman wani ba. Na yaye ƙyallen, na tsoma burushi, na ja daga wannan gefe zuwa wancan, na mayar da ƙyallen, don na riga na jiyo kalangu ya shigo lungunmu. Samarin mahauta suka ɗauki allon a ka suna rawa. Yaya ya dawo daga masallaci fuska ba walwala, ya bi bayansu, a zatonsa ya bar gidan ke nan. Ni ma na ja mayafi na bi.

Filin yana gefen kara, kasuwar shanu, inda yanzu aka jera shagunan sayar da kayan waya. Ranar ba masaka tsinke. Mutanen Darki, na Dagumawa, masunta, Fulani da sandunansu, mata a gefe guda a kan tudu. San ja ne, irin na Bororo, ƙahoninsa kamar an buɗe hannu biyu, yana tonon ƙasa yana watsa yawu, mutum takwas na riƙe da igiyoyinsa. Aka kafa allon a jikin kuka. Ƙurungu ya fito ba riga, guraye a damtse, makaɗa na binsa. Ya ɗaga hannu aka sassauta kiɗa, ya kama ƙyallen ya ja. Ƙyallen ya manne. Ya fizga da ƙarfi.

Ban ja zare ba. Ɗanyen fentin ya bi ƙyalle ya shafe wuyan nan kamar faɗin yatsa biyu, ya zubo gida uku a kan ƙirji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka ya san abin da yake gani. Kalangu ya mutu a hannun makaɗa. Wata tsohuwa kusa da ni ta dafe kai ta ce, "Innalillahi, an yanka yaron nan da ransa." Ƙurungu ya kai hannu ya shafa wuyansa na gaske, ya duba tafinsa. Sannan ya juya ya nemo Yaya a cikin mutane, ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Mai fenti, me na yi maka?"

Yaya ya matsa ya dubi allon, ya daɗe yana duba. Sannan ya ɗago ya bi tudun mata da ido har ya same ni. Ya mayar da kansa ƙasa.

Uban Ƙurungu, wani tsohon mahauci mai guntun yatsa, ya riƙe damtsen ɗansa. "Kada ka hau. Yau ba ranarka ba ce."

"Baba, gari ya taru."

"Gari ya watse mana! Gari ne ya haife ka?"

Ya zame hannunsa ya ce a kaɗa. Aka kaɗa, amma kiɗan ba shi da gishiri. Ya yi kirarinsa, muryar na fita kamar ta aro. Na sha ganin hawansa, na san yadda yake yi: gudu ɗaya, tsalle ɗaya, kafin sa ya sunkuyar da kai ya riga ya shige. Ranar ya rugo, saura taku biyu ƙafarsa ta yi wata 'yar tantama. Ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Na gan ta da idona, ni da na ce fenti fenti ne. San ya sunkuya ya tare shi da ƙahon dama a ƙasan haƙarƙari, ya ɗaga shi sama, ya girgiza shi kamar tsumma, ya yar, ya bi shi da kofato. Masu igiya suka ja, igiyar ƙafa ta ƙwace, mutum biyu suka faɗi, san ya ja sauran a ƙasa. Da ƙyar aka kayar da shi da sanduna. Ƙurungu na kwance, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Wani ya yi ihu ya mutu.

Ban ga wanda ya fara dukan Yaya ba. Na dai ga hularsa ta yi sama, na ga gora na sauka. Suka ja shi a ƙasa ta ƙafa, kansa na bugun duwatsu, zuwa rumfar fawa inda gungumen saran ƙashi yake. Wasu suka afka wa allon da wuƙaƙe, suna sara suna tsinuwa, kamar shi ne san. Na gangaro daga tudu ina ture mata, mayafina ya tafi, takalmi ɗaya ya tafi. Na kutsa tsakanin ƙarti masu warin jini da gumi ina ihu.

"Ni ce! Wallahi ni na ja! Ku sake shi, ni ce!"

Wani ya kwaɗa mini mari da bayan hannu, hancina ya fashe a gefe, tabon ke nan har yau. Na tashi na sake faɗa. Tsohon mahaucin ya juyo, idonsa ba hawaye, ya dube ni, ya dubi Yaya da aka durƙusar. "Gaskiya take faɗa?"

Bakin Yaya cike da jini. Ya tofar ya ce, "Ƙarya take. Haukan boko ne. Mace ta taɓa riƙe burushi? Ni na ja."

"Yaya, kai ne maƙaryaci!"

"Ku kawar mini da ita daga nan," in ji shi, kamar yana korar akuya daga zaure.

Mutum biyu suka riƙe ni. Ba a tambayi wane hannu ba, fentin da ke ƙarƙashin farce ya riga ya faɗa. Suka shimfiɗa hannun damansa a kan gungume, wani ya take gwiwar hannun da ƙafa. Tsohon ya ɗauki gatarin sara, ya juya shi, ya yi amfani da ƙeyarsa. Sau uku. Ƙarar kamar ana karya busasshen karan dawa, ba ta fi haka ba. A na farko Yaya ya yi ƙara. A na biyu da na uku bai yi ba.

Da sun ƙarasa shi, don samarin sun ɗaga gora. Sai ga Baffa a guje, rawaninsa na warwarewa a bayansa, tsoho mai ciwon gwiwa. Ya faɗa a kan Yaya ya rufe shi da jikinsa, gora ɗaya ta same shi a ka, jini ya wanke masa gemu. Yana cewa, "Ku kashe ni tukuna! Ɗana ne, ku fara da ni!" Ganin liman cikin jini ya sa hannuwa suka yi sanyi. A daidai nan aka ce Ƙurungu na numfashi, mutane suka koma can, aka nemi motar da za ta kai shi asibiti a Kano. Muka ɗauko Yaya a kan ƙyauren wata rumfa. Inna ta tarye mu a tsakiyar titi ba lulluɓi, ita da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, tana kiran sunansa, sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban kowa. Ranar kaɗai na taɓa jin sunan a bakinta.

Yau in aka yi faɗa a tasha, kafin a raba an ɗauka a waya ashirin, kowa ya kalla ya ƙara gaba, jibi an manta. Wannan ba wanda ya ɗauka. A kaina kaɗai yake, ba ya gogewa, ba kuma mai danna nan da can ya gyara shi.

Aka kira maɗori daga Dagumawa, ya jera kara ya ɗaure, ya ce ƙashin ya zama tsaki, sai abin da Allah ya yi. Bayan kwana arba'in aka kwance. Yatsun sun lanƙwashe sun manne da tafi kamar ƙafar kazar da aka babbake. Ƙurungu ya rayu, ya dawo yana jan ƙafa, bai sake shiga fili ba, ya ƙare da tsire a bakin tasha. Dattawa suka zauna suka ce jini ya biya jini, a bar magana. Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Na je na durƙusa gaban Baffa na faɗa masa duka. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Rufe bakinki. Da hannunsa ya saya miki wannan rufin asirin, kada ki zubar masa a ƙasa." Na rufe. A duk rayuwata shi ne abu ɗaya da aka ce in yi shiru a kai na yi.

Shekara biyu Yaya na zaune a zaure da gawayi a hannun hagu, yana zane a bango kamar yaron da aka fara koya wa alif. Kai ya fito kamar kabewa, ya goge da gwiwar hannu, ya sake. Wani lokaci in ji ya jefa gawayin ya bugi ƙyaure. Ba ya fushi da ni, ba ya kuma wasa da ni kamar da, sai gaisuwa da "miƙo mini wancan". Daga baya ya koma Kano. Ya yi motoci, ya yi allunan shaguna, a hankali mutane suka dawo zama gabansa: 'yan dako, mata masu ƙosai, wani kuturu da ya ce ba wanda ya taɓa kallonsa tsawon haka. Zanen hagun ba shi da sulɓin na da, layukan na da kaushi, amma masu ido sun ce mutanen ciki sun fi nauyi. Bai sake yanke wuyan kowa ba, Baffa kuma har ya rasu bai sake nema da yatsa ba. Da masu ɗaukar hoto suka cika gari aikin ya ja baya, bai damu ba, ya ci gaba da zana maƙwabta ko ba su nema ba. Yawancin allunan gara ta ci.

Na yi aikin koyarwa, na yi aure, na haifi nawa, muna zumunci kamar kowa. Fiye da shekara talatin maganar ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Sai da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi na je na zauna a bakin gadonsa. Ina ba shi kunu da ludayi, hannun nan na kan bargo. Na ajiye ƙwaryar na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Me?"

"Ka sani. Kada ka wahalar da ni."

"Har yanzu ba ki da haƙuri." Ya yi tari. "Hannun na yafe tun a kan gungume. Layin ne ban yafe ba."

"Layin?"

"Kin cika burushi da fenti. Sau nawa kika ga ina gogewa a bakin gwangwani? Kuma ya karkace. Kwana tara ina gina wuyan nan, kika zo kika yi masa aikin mai shafen bango."

Na ji wani abu ya taso mini, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Na ce, "Hannuna rawa yake yi."

"Na sani. A layin na gani. Ya fara da ƙarfi, a tsakiya ya yi rawa sau biyu, can ƙarshe kin so ki fasa." Ya rufe ido. "Da na ga an ja shi tsaf, da na bar su da ke."

Can ya buɗe ido ɗaya ya ce kunun na hucewa.